Zan zauna da iyalin Jamusawa yayin karatu: me ya kamata in sani kafin in isa?

Mai Shirin Tafiya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa karatu a Jamus, musamman waɗanda suka zauna a gidan Jamusawa maimakon masaukin ɗalibai. Na samu gurbin karatun share fagen shiga jami'a na shekara guda, wanda zai fara a watan Oktoba, kuma da yake ɗakunan ɗalibai sun yi ƙaranci har aka sa sunana a jerin masu jira, sai aka haɗa ni da wani iyali da ke zaune a wani ƙaramin gari kusa da Stuttgart. Mata da miji ne da suka fara manyanta, manyan 'ya'yansu sun bar gida, saura autarsu da ke makarantar sakandare, kuma suna da kare. Za su ba ni ɗaki a saman bene, in riƙa cin abincin safe da na dare tare da su, in kuma biya kuɗi kowane wata.

Batun takardu bai dame ni ba, domin na samu biza, na zuba kuɗin da ake buƙata a asusun da ake killace wa ɗalibai, na kuma yi inshorar lafiya. Abin da ke hana ni barci shi ne zaman gidan kansa. Ban taɓa kwana a gidan mutanen da harshenmu da addininmu suka bambanta ba, kuma Jamusancin da na koya na aji ne, na cin jarrabawa, ban taɓa gwada shi a bakin teburin abinci ba. Ina so in san yadda yini yake tafiya a irin wannan gida, da abubuwan da suke ɗauka da muhimmanci waɗanda baƙo zai iya takawa bai sani ba, da yadda zan bayyana musu abin da ba na ci ba tare da na ɓata musu rai ba. Ina kuma tunanin salla da azumi, da batun karen, da yadda zan yi idan Kirsimeti ya zo suka sa ni cikin hidimarsu. Ba na so in zama baƙuwar da ke kulle kanta a ɗaki, ba na kuma so in saki abin da na yi imani da shi don gudun kada a ce na cika tsauri. Duk wanda ya san wani abu ya taimaka mini, Allah Ya saka da alheri.

Tsohon Ɗalibin Injiniyanci ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya sa a je a sa'a. A wannan jiha ta Baden-Württemberg na yi karatu, kuma shekarata ta farko a gidan wasu dattawa na yi ta, saboda haka zan faɗi abin da na gani, sauran 'yan'uwa su cike inda na rage.

Abin da duk sauran suke rataye a kansa shi ne ki saba da faɗin abin da ke ranki a fili. Wanda ya tashi da kara da kunya, idan aka tambaye shi ko zai ƙara abinci sai ya ce ya ƙoshi, yana jiran a sake matsa masa. A gidan Bajamushe babu wannan matsawar. Idan matar gidan ta tambaye ki kika ce a'a, to ta yarda da maganarki, za ta rufe tukunya ta kai firiji, kuma ba rowa ta yi miki ba, girmama ki ta yi da ta ɗauki zancenki a matsayin gaskiya. Haka nan idan aka ce za a fita yawo ranar Asabar kika amsa da to, alhali kin san kina da karatu, sai ranar ta zo kika kawo uzuri, wannan ya fi yi musu zafi nesa ba kusa ba a kan ki ce tun farko ba za ki samu dama ba. Su ma haka za su yi miki. Idan kika bar fitilar matakala a kunne, ko kika daɗe kina wanka da ruwan zafi, za a gaya miki kai tsaye a bakin tebur ba tare da kewaye-kewaye ba, kuma da zarar an faɗa an wuce wurin, babu riƙo. Kuɗin lantarki da na iskar gas sun yi tsalle a ƙasar tun 2022, don haka idan suka yi maganar wuta, ki sani aljihunsu suke karewa, ba ke suke ƙi ba.

Dangane da yadda yini ke tafiya, ki shirya wa abincin dare mai sanyi. A gidaje da yawa, musamman na dattawa, da rana ake cin abinci mai zafi, da yamma kuwa tsakanin ƙarfe 6 da 7 sai a jera burodi da man shanu da cuku da yankakken nama da tumatir da kokwamba, kowa ya shafa nasa. Shawarata ita ce ki riƙa cin abinci mai zafi a ɗakin cin abincin ɗalibai, inda ake sayarwa da rahusa, don kada ki kwana da yunwa kina jin nauyin yin magana. Idan aka ce ƙarfe 6:30 ake zama, to 6:30 ɗin ake nufi, kuma idan kin ga jirgi zai makara da ke, ki aika saƙo tun kina tasha.

Ranar Lahadi kuwa ki ba ta haƙƙinta. Manyan kantuna duk a rufe suke, in ban da na tashoshin jirgin ƙasa da gidajen mai da wasu masu gasa burodi da safe, kuma wannan ba al'ada kaɗai ba ce, kundin tsarin mulkin ƙasar ne ya kare ranar a matsayin ta hutu, da wani sashe da aka ɗauko daga kundin 1919. Duk abin da kike buƙata ki saya ranar Asabar. Ba a tayar da injin yanke ciyawa ranar, ba a jefa kwalabe a ma'ajiyarsu ta bakin titi saboda ƙara, kuma kafin ki kunna injin wanki ko na zuƙe ƙura ki tambaya tukuna. Da dare ma, daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe lokacin shiru ne, kuma a nan ne ɗalibai da yawa suke samun saɓani da masu gida, domin lokacin ne mutum yake kiran 'yan'uwansa ta bidiyo, murya ta tashi bai ankara ba, alhali ɗakin dattawan yana ƙarƙashin nasa. Amma Lahadin nan tana da wani abu da ba na so ki rasa. Wajen ƙarfe 3 na yamma ana zama shan kofi da kek, sau da yawa wanda aka gasa a gida, daga nan a sa takalma a shiga daji ko gonakin inabi a yi tafiyar ƙafa. A wannan zama da wannan tafiya na koyi yawancin Jamusancin da nake amfani da shi har yau, a nan kuma maigidan, wanda ba ya yawan magana a sauran ranaku, ya riƙa ba ni labarin yadda garin yake lokacin yana yaro.

Yankin da za ki je ya yi suna wajen tsabta har sauran Jamusawa suna yi musu tsiya a kai. Suna da al'adar da suke kira Kehrwoche, wadda ta samo asali daga dokokin sharar birnin Stuttgart tun ƙarshen ƙarni na 15: a gidan da iyalai da yawa suke, ana rataya ɗan allo a ƙofar wanda makon ya zagayo kansa, shi zai share matakala da bakin titi. Idan gidan nasu ne su kaɗai, har yanzu nauyin share gaban gida da kwashe dusar ƙanƙara da sassafe yana wuyansu, kuma ranar da kika ɗauki shebur kika taya dattijon ba tare da an roƙe ki ba, za ki ga yadda fuskarsa za ta sake. Shara ma ba a haɗa ta wuri guda: takarda da kwali daban, robobi da gwangwanayen da aka zubo kaya a ciki daban, ɓawo da ragowar abinci daban, kwalabe kuma a raba su bisa launi. Tsarin yana ɗan bambanta daga gunduma zuwa gunduma, saboda haka ki roƙi matar gidan ta nuna miki nasu a ranar farko. Robar ruwa da gwangwanin lemo kuwa ba shara ba ne, akwai santi 25 a kan kowane ɗaya da ake mayar miki idan kin kai injin da ke kanti.

Abu na ƙarshe shi ne taga da ƙofa. Ko ana tsananin sanyi za su so ki kashe na'urar ɗumama ɗaki, ki buɗe taga wangame na 'yan mintuna safe da yamma, sannan ki rufe, domin gidajen a toshe suke sosai, danshin numfashi yana taruwa ya haifar da fumfuna a bango. Ƙofofin ɗakuna kuma a rufe ake barin su, rufewar ba alamar fushi ba ce, sai dai a ƙwanƙwasa a jira amsa.

Yayar Ɗalibai ta amsa:

Ƙanwata, ina taya ki murna, kuma na ji daɗin yadda kika ce ba ki son kulle kanki ba ki kuma son sakin addininki, domin ana iya haɗa biyun, na gani da idona. Malam ya gama magana a kan tsarin gida, ni zan tsaya a kan abin da ya bari.

Maganar abinci ki yi ta tun yanzu, a rubuce, kafin ki hau jirgi. Musulmi sun haura miliyan 5 a Jamus, kuma Turkawa suna ƙasar da yawa tun bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata ta 1961, don haka babu Bajamushen da zai yi mamakin jin ba kya cin naman alade ko shan giya. Inda gizo ke saƙa shi ne abubuwan da su kansu ba sa lissafawa a matsayin alade. Matar gidan za ta iya cire miki tsiran daga faranti da kyakkyawar niyya, ta manta cewa da kitsen alade ta soya albasar, ko kuma da romon nama ta haɗa kwaɗon dankalin. A yankin da za ki je akwai wani abinci da ake ji da shi mai suna Maultaschen, wato ƙullin fulawa da ake cusa wa niƙaƙƙen nama, kuma galibi akwai alade a ciki, sai dai ana sayar da na ganye zalla. Wasu masu gasa burodi suna sa kitsen alade a ƙullinsu, alewar nan mai danƙo da yara suke so yawanci da jelatin na alade ake yin ta, shahararren kek ɗin yankin Baƙin Daji kuma akwai barasar ceri a cikinsa, haka ma wasu cakulan da ake rabawa lokacin bukukuwa. Ki rubuta musu jerin nan cikin ladabi, ki kuma bayyana matsayinki game da naman shanu da kaza da ba a yanka bisa shari'a ba, domin idan ba ki faɗa ba za su ɗauka duk abin da ba alade ba ya halatta gare ki. Ni abin da ya sauƙaƙa mana shi ne na ce a ɗauke ni kamar mai cin ganye da kifi a teburinsu, idan kuma ina son nama in sayo a shagon Turkawa in dafa wa kowa. Ranar girkina ta zama ranar da autar gidan take gayyato ƙawayenta.

Game da salla, matsalar ba ɗaki ba ce, banɗaki ne. Yawancin banɗakunan gidajen Jamus ba su da magudanar ruwa a ƙasa, duk ruwan da ya zuba a tayil yana nan kwance har a goge shi, ga kuma ɗan kafet da ake shimfiɗawa a gaban wurin wanke hannu. Ki tafi da 'yar butarki, ki ajiye tsumma na musamman, ki wanke ƙafa a cikin bahon wanka, kuma kada ki fito sai kin bar wurin a bushe. Ki gaya musu tun farko cewa za su riƙa jin motsin ruwa da asuba, ki kuma bayyana dalili, don kada su ɗauka rashin lafiya ce. Lokutan salla suna tafiya da yanayi fiye da yadda kike tsammani. A watan Disamba rana ba ta fitowa a Stuttgart sai bayan ƙarfe 8, ta kuma faɗi wajen 4:30 na yamma, ta yadda azahar da la'asar da magariba duk za su same ki a makaranta cikin sa'o'i huɗu da 'yan mintuna, don haka ki nemi wurin da ɗalibai Musulmi suke salla tun makon farko. A watan Yuni kuwa sai wajen 9:30 na dare ake magariba. Kin yi sa'a a shekarun nan azumi yana faɗowa ne a ƙarshen hunturu, lokacin da yini bai yi tsawo ba, sai dai yana iya haɗuwa da jarrabawar ƙarshen zango. Ki shirya sahur ɗinki tun da dare ki hau da shi ɗaki, sannan ki gayyace su buɗa-baki ko da sau ɗaya ne. Mutanen da na zauna da su da kansu suka riƙa jinkirta abincin dare don mu ci tare, ban roƙe su ba.

Karen kuwa, ki sani a wurinsu ɗan gida ne, yana da gadonsa da likitansa, har haraji ake biya a kansa. Kada ki nuna ƙyama a fuska, kada kuma ki kore shi da ƙafa, wannan zai yi musu ciwo ƙwarai. Abin da za ki roƙa shi ne kada ya shiga ɗakinki domin a nan kike salla, kuma za su fahimta, tunda su ma mutane ne masu girmama ɗakin mutum. Malaman mazhabar Malikiyya ba sa ɗaukar jikin kare mai rai a matsayin najasa, wasu mazhabobin sun fi tsanantawa, saboda haka ki tambayi malamin da kika amince da shi kafin ki tafi don zuciyarki ta natsu. Haka batun musabaha: a can miƙa hannu shi ne gaisuwar farko, idan kuma ba kya musabaha da maza, ki ɗora hannu a ƙirji da murmushi ki faɗi dalili a taƙaice, kada ki bar hannun dattijo a miƙe babu bayani.

Bukukuwa za su fara zuwa miki tun kafin Kirsimeti. Ranar 11 ga Nuwamba da magariba za ki ga yara suna zagaya gari da fitilun takarda suna waƙa don tunawa da Martin, wani waliyyi na Kiristoci. Lahadi huɗu kafin Kirsimeti ana ajiye wani zoben ganyen itace a tebur mai kyandir huɗu, kowace Lahadi a ƙara kunna ɗaya, al'adar da ta faro daga wani gidan rainon yara a Hamburg a 1839. Daren 5 ga Disamba yara suna goge takalmansu su ajiye a ƙofa, da safe su tarar da cakulan da lemo a ciki, kuma kada ki yi mamaki idan kika tarar da naki takalmin ma an cika shi. Kasuwar Kirsimeti ta Stuttgart tana cikin tsofaffin kasuwannin ƙasar, an ambace ta a rubuce tun 1692, ki je ki gani, sai dai abin shan nan mai zafi da kowa yake riƙe da kofinsa giyar inabi ce, ke ki nemi irin na yara wanda babu barasa. Babban daren shi ne 24 ga Disamba, a nan ake cin abinci tare a buɗe kyaututtuka, kuma dare ne na iyali zalla, ba a cika gayyatar bare ba. Idan suka ce ki zauna da su a wannan dare, to sun ɗauke ki 'yar gida ke nan.

Mazaunin Hamburg ya amsa:

Malama, ina gaishe ki. Abin da Malam da Hajiya suka faɗa gaskiya ne, amma duka biyun sun dace da mutanen kirki, ni kuwa ban dace ba a karon farko, shi ya sa nake so in ƙara abin da ba a son ji. Iyalin da na fara zama da su sun karɓe ni hannu bibbiyu, sai a hankali aka fara cewa in ɗauko yaro daga makaranta, in zauna da shi idan sun fita da dare, in gyara lambu ranar Asabar, alhali kuɗin haya cikakke nake biya. Da na ga karatuna ya fara ja baya na yi magana, sai aka ce ai ni ɗan gida ne. Ba miyagu ba ne, sai dai babu abin da muka rubuta tun farko, kowa da abin da ya fahimta, kuma an ce zo mu zauna, zo mu saɓa.

Saboda haka ki nemi yarjejeniya a rubuce, wadda za ta fayyace nawa za ki biya, ko kuɗin ya haɗa da wuta da ɗumama ɗaki da intanet da wanki, wane abinci ne a ciki, ko za ki iya amfani da kicin, ko kina da izinin kawo baƙi, da kuma wane aikin gida ne a kanki. Taimako na son rai daban yake da aikin da aka ɗora wa mutum. Akwai ma wani tsari da aka fara a birnin Darmstadt a 1992, inda ɗalibi yake taimaka wa masu gida a madadin kuɗin haya, kuma ƙa'idarsa sananniya ce: sa'a ɗaya a wata a kan kowace murabba'in mita ta ɗakin. Idan aiki suke so, to a bi irin wannan lissafi, a rage haya. Kuɗin ajiyar da mai gida yake riƙewa don gudun ɓarna doka ba ta yarda ya wuce hayar wata uku ba. Ki kuma sani cewa wanda aka ba ɗaki da kayan ɗaki a cikin gidan da mai shi yake zaune ba shi da irin kariyar da sauran 'yan haya suke da ita, domin ana iya ba shi takardar tashi zuwa ranar 15 ga wata ya bar ɗakin a ƙarshen watan. Don haka kada ki cire sunanki daga jerin masu jiran ɗakin ɗalibai.

Da zarar kin isa, kina da mako biyu ki yi rajistar adireshinki a ofishin mazauna gari, kuma sai da takardar shaida daga mai gidan, ki tabbatar tun yanzu za su sa miki hannu, domin takardar izinin zama da sauran al'amura da yawa suna jiran wannan rajista. Idan wasiƙar kuɗin rediyo da talabijin ta zo da sunanki, kada ki tsorata, Yuro 18.36 ɗin a wata na gida ne gaba ɗaya, ki karɓi lambar da masu gidan suke biyan kuɗin da ita ki aika. Ki kuma yi inshorar nan mai araha da ke biyan ɓarnar da mutum ya yi wa kayan wani, domin kusan kowane Bajamushe yana da ita, kuma ranar da shayi ya zube a kwamfutar autarsu za ki gode.

Inda na ɗan saɓa wa Malam shi ne, kada gidan ya zama shi ne dukan Jamus ɗinki. Ƙananan garuruwa motar ƙarshe tana tashi da wuri, sai ɗalibi ya wayi gari daga aji sai gida. Ƙasar tana da ƙungiyoyin sa-kai da na wasanni masu rajista fiye da 600,000, ki shiga ɗaya ki samu sa'anninki. Sannan ki kiyaye harshenki a kan zamanin 'yan Nazi, ko da wasa, domin gaisuwarsu da alamominsu da musanta kisan kiyashin Yahudawa duk laifuka ne a doka. Idan kika ga ƙananan faranta na tagulla a daɓen bakin titi ɗauke da sunaye, na mutanen da aka kwashe daga gidajen ne, kuma idan kika tambayi masu masaukinki cikin natsuwa, mai yiwuwa su ba ki labarin da ba za ki samu a aji ba.

Mai Shirin Tafiya ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na riga na fara rubuta musu wasiƙar abincin, na kuma roƙi a aiko mini da yarjejeniyar in karanta. Yaya, abu biyu suka rage mini. A saƙon da matar gidan ta turo, ta sa hannu da sunanta na yanka kawai, ta ce haka zan riƙa kiran ta, ni kuwa bakina ba zai iya kama sunan matar da ta yi sa'ar mahaifiyata ba. Shin zan iya ce mata Mama? Na biyu kuma, ta ambata cewa sukan je coci a daren 24 ga Disamba. Idan suka ce in raka su, yaya zan yi?

Yayar Ɗalibai ta amsa:

Ƙanwata, na san nauyin da kike ji. A Jamusanci hanyar yi wa mutum magana iri biyu ce, akwai Sie ta girmamawa wadda ake haɗawa da sunan iyali, akwai kuma du ta kusanci wadda ake haɗawa da sunan yanka, kuma babba ne yake da ikon ba ƙarami izinin komawa ta biyun. Tunda ta sa hannu da sunanta ta kuma ce ki kira ta da shi, ta riga ta ba ki wannan izini, kuma idan kika nace wa ta girmamawar za ta ji kamar kina nesanta kanki da ita. Mama kuwa kada ki fara da shi, domin a wurinsu kalma ce ta 'ya'yan cikinta kaɗai, autar ma za ta iya jin wani iri. Ki gaya mata gaskiya cewa kiran babba da sunansa yana yi miki nauyi, za ta ji daɗin sanin hakan, wataƙila ma ku samu wani suna da zai yi muku daidai ku biyu. Maƙwabta da malamanki da duk babban da bai ba ki izini ba, ki tsaya a kan Sie.

Batun coci kuwa, da wuya su matsa miki. Jamusawa da yawa ba sa zuwa sai a wannan dare, kuma addini a wurinsu al'amari ne na mutum da kansa. Ki nemi fatawa tun kafin lokacin ki tsayar da matsayinki, sannan ki faɗa musu tun farkon Disamba, kada ki bari sai sun sa riguna suna jiran ki a ƙofa. Ni na ce zan zauna a gida, na jera faranta na kula da abincin har suka dawo, muka ci tare. Ki tanadi 'yar kyauta ga kowannensu, ba sai mai tsada ba, ki naɗe ta da takarda ki rubuta suna, domin a gaban kowa ake buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Kantuna suna rufewa tun da rana a ranar 24, su kuma kasance a rufe 25 da 26, a jihar taku ranar 6 ga Janairu ma hutu ce, don haka sayayyarki ki gama ta da wuri.